Tiyatar Rage Ƙiba: Rage Tumbi Ko Canza Wa Abinci Hanya?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi lafiyar jiki, wanda amana ce da Allah Ya ba mu.

A da, ƙiba a wurinmu alamar hutu ce. In amarya ta shekara ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambayar ko maigidan ba ya cefane. Har yanzu akwai masu shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, alhali wasunsu suna ɗauke da deksametason, maganin da ke kumbura fuska ya kuma tayar da suga da hawan jini. To amma yau a Dambatta, Ɓichi, Makoɗa da Kunci akwai matan da ƙibar ta zame musu ciwo: gwiwa ta hana su sujada, dare ya yi minshari na ɗauke musu numfashi, ga ciwon suga. Daka da surfe da ɗebo ruwa sun koma hannun inji da 'yan garuwa, shinkafa da taliya da lemon kwalba sun shigo. Wasu daga cikin irin waɗannan mata, musamman masu ɗa ko miji mai hali, likita kan kawo musu zancen tiyata, a wasu asibitocin kuɗi na Abuja da Legas, ko a Masar, Indiya da Turkiyya. A nan ne za ki ji an ce ki zaɓa: silib ko baifas.

Da farko, shin ya halatta? Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a shekarar 2007, ta tattauna tiyatar gyaran jiki. Matsayarta ita ce, rage nauyi ta hanyoyin da likitanci ya tabbatar, har da tiyata, ya halatta idan nauyin ya zama cuta, babu wata hanya sai ita, kuma an aminta daga cutarwa. Ki lura da sharuɗɗan nan uku. Wadda take son shiga ƙarƙashin wuƙa don maigida ya yi amarya siririya, ba ta cika ko guda ba, kuma tiyata ba ta taɓa gyara zaman gida ba.

Likitoci na da awonsu. Ki ninka tsawonki a mita sau kansa, ki raba nauyinki da abin da ya fito. Misali, mace mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 110: 1.6 sau 1.6 ya ba da 2.56, in an raba 110 da shi za a samu kusan 43. Ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin masu wannan tiyata suka fitar a 2022 ta ce ana ba da shawarar yin ta daga 35 zuwa sama, sannan ana iya dubawa daga 30 ga mai ciwon sugan da ya ƙi jin magani. Ga mace mai wancan tsawo, 35 ɗin ya yi daidai da kilo 90.

Duk macen da ta taɓa gyara kayan cikin rago ranar Layya ta san tumbi, ta san hanji. Na mutum jaka ɗaya ce, abinci ya sauka a cikinta, ya narke, ya wuce ƙaramin hanji inda jiki ke tsotse amfaninsa. A tiyatar silib, wato hannun riga da Turanci, likita zai yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin ya fitar da shi gaba ɗaya, ya bar wani siriri mai kamar ayaba. Hanji ba a taɓa shi. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, shi ya sa kwaɗayin abinci ke raguwa. Abin da aka yanke ya tafi ke nan, ba a mayar da shi.

Ita kuwa baifas, sunanta ɗaya da titin nan da ke zagaye birnin Kano, kuma aikinsu iri ɗaya ne. Likita zai keɓe ɗan ƙaramin aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, ya jawo hanji ya ɗinka a jikinsa. Abinci sai ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Ita ce tsohuwa, wani likita mai suna Edward Mason ya fara ta a Amurka a 1966. Yanzu dai silib ce aka fi yi a duniya. Dukkansu ta 'yan ƙananan huji ake yin su da na'ura mai kyamara, kuma akasari mace kan rasa wajen kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinta, baifas ta ɗan ɗara kaɗan.

Ni a ganina, 'yar uwa, tambayar wacce ta fi sa rama ita ce mafi ƙarancin muhimmanci a gare ki. Bambancin ba shi da yawa. Abin dubawa shi ne ciwon da kike ɗauke da shi, da kuma rayuwar da za ki dawo ki tarar a gida bayan an sallame ki.

In kina fama da ƙwannafi, wato ruwa mai tsami da zafi na taso miki ƙirji, silib na iya ƙara shi, har wadda ba ta da shi ma kan samu, domin siririn tumbin matsewarsa ta fi yawa. Baifas kuwa tana sauƙaƙa shi. Akwai waɗanda ƙwannafin ya tilasta musu komawa a mayar da silib ɗinsu baifas, tiyata biyu ke nan da kuɗi biyu. In kuma ciwon suga ne babbar matsalar, duka biyun suna taimakawa ƙwarai, amma baifas ta fi ƙarfi. A wani bincike na asibitin Cleveland Clinic a Amurka da aka wallafa a 2017, bayan shekara 5, kashi 29 na masu baifas ne sugansu ya sauka zuwa ma'aunin da ake nema, masu silib kashi 23, masu magani kaɗai kashi 5. Ki sake duba alƙaluman nan. Ko a hannun ƙwararru, ba kowa ke rabuwa da ciwon ba.

Zuwa nan za ki ce ai baifas ce zaɓi. Dakata, ga kuɗin da take karɓa. Wancan farkon hanji da aka tsallake, nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ayon mai gina jini da kalsiyam mai gina ƙashi. Mai baifas za ta sha ƙwayoyin ayon, kalsiyam da bitamin kullum har ƙarshen rayuwarta, sau da yawa har da allurar bitamin B12, sannan gwajin jini a kai a kai. Mai silib ma za ta sha, sai dai sakacinta bai kai na waccan haɗari ba. Mu kuwa mata ne masu haila da haihuwa, da yawanmu tun asali jinin bai ishe mu ba. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: shekara 10 nan gaba, in hali ya canza, wa zai riƙa saya miki? Daga ƙauyenku zuwa inda za a yi miki wannan gwaji, kuɗin mota nawa ne? Matar da ta daina shan B12 na iya wayar gari ƙafafunta sun yi sanyi suna mata tsitsitsi, a yi ta ruƙiyya ana neman aljani, alhali jijiya ce ke lalacewa.

Ga kuma magungunan ciwon jiki da muke aiken yara kemis su sayo, irin su ibufurofen da dikulofenak. Mai baifas ta rabu da su ke nan, don suna haddasa gyambo a wurin ɗinkin. In gwiwa ko baya sun sa ba kya iya yi sai da su, ki faɗa wa likita tun kafin a zaɓa. Haka zaƙi: mai baifas in ta sha fura da suga mai yawa ko lemon kwalba, abin zai faɗa hanji kai tsaye, sai gumi, jiri, faɗuwar gaba da gudawa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin mai gadi, wasu kuma azaba.

Batun haihuwa shi ne wanda na fi so ki riƙe. Ƙiba kan hana wasu mata ɗaukar ciki, da zarar nauyi ya fara sauka sai cikin ya shiga ba zato. Likitoci kuwa sun ce a jira aƙalla wata 12 zuwa 18, domin a wannan lokacin jiki na zubewa, ɗan tayi ba zai samu abin da yake buƙata ba. Dole ke nan ku zauna da maigida ku yi maganar tazara kafin tafiya, ba bayan an dawo ba. Ki sani kuma ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce ga mai baifas, sai a nemi wata hanya a asibiti. Sannan mai baifas in ta samu ciki ta ji matsanancin ciwon ciki, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, hanji na iya sarƙewa, a garzaya babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano a gaya musu irin aikin da aka yi mata. Saboda waɗannan dalilai, ga matashiya mai sauran haihuwa wadda ba ta da ƙwannafi kuma take nesa da asibiti, likitoci da dama kan karkata ga silib.

Haɗarin aikin kansa a ƙwararren asibiti kaɗan ne, amma akwai shi. Wanda aka fi tsoro shi ne ɗinki ya yi yoyo a kwanakin farko. Alamarsa zazzaɓi, bugun zuciya da sauri da ciwon ciki ko kafaɗa. Wadda ta je Alƙahira aka yi mata, ta hau jirgi bayan 'yan kwanaki, wa zai karɓe ta in hakan ta faru a gida? Kada ki biya ko kwabo sai kin samu likita a Kano da ya yarda zai ci gaba da duba ki, kuma ki dawo da cikakken rahoton aikin a rubuce. Ki nemi a leƙa tumbinki da na'ura kafin aiki, a gwada ƙwayar cutar olsa a kashe ta in akwai. Ki kuma tambaya game da allurai irin su Ozempic da Wegovy, waɗanda suka fito a 2017 da 2021. Suna rage nauyi ba tare da yanka ba, sai dai tsada, kuma in an daina nauyin kan dawo.

Saura azumi. Bayan kowacce daga cikin biyun, makonnin farko ruwa-ruwa ne kawai, sai koko da abinci mai laushi, sannan 'yan lomomi. Ba a haɗa ci da sha lokaci guda, ba a kwankwaɗar ruwa, kurɓa ake yi kaɗan-kaɗan duk yini. Ki kwatanta wannan da azumin da ya faɗo cikin zafin Kano, a ce daga magariba zuwa asuba ne za ki shigar da ruwa da abincin yini guda ta cikin tumbin da bai wuce ƙwai ko ayaba ba. Shi ya sa likitoci ke hana azumi a watannin farko. Wannan uzuri ne na mara lafiya wanda ayoyin azumi a Suratul Baƙara suka yi wa rangwame, za ki rama in jiki ya daidaita kuma likita ya amince, kina iya zaɓar kwanakin hunturu masu sanyi. Don haka in an zo sa ranar tiyata, ki ɗauko kalandar Musulunci, bayan ƙaramar Sallah ya fi Sha'aban nesa ba kusa ba. Mai niyyar Hajji ko Umara ita ma ta yi wannan lissafi.

Wallahu a'alam.