Kafin ka faɗa ruwa, duba bawul ɗin tukunyarka

Duk mai nutso da tukunyar iska, ko a Bahar Maliya yake ko wani tekun, ransa na rataye ne a kan ɗan bawul ɗin nan da ke wuyan tukunya.

Fara da zoben robar da ke bakinsa. In ya tsage ko ya bushe, canja shi nan take, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sai ka ɗaura na'urar shaƙa, ka kau da fuskar agogon awo daga idonka, ka murɗa bawul sannu a hankali. Cikakkiyar tukunya kan nuna kusan bar 200. Kasa kunne ko za ka ji iska na tsiyaya.

Buɗe bawul ɗin har ƙarshe. A da ana koyar da a ɗan mayar da shi baya kaɗan, amma wannan ɗabi'a ta sa wasu suna rikicewa, su shiga ruwa da bawul a kusan rufe. In haka ta faru, a bakin jirgi iska za ta zo lafiya lau. A zurfin mita 30 kuwa, inda kowane numfashi ke cin iska ninki huɗu, sai ta maƙale.

Gwajin ba wuya: ja numfashi mai ƙarfi sau uku, idonka a kan allurar agogo. In ta faɗi ta sake tashi, bawul bai buɗu sosai ba. In iskar na warin mai, mayar da tukunyar ga waɗanda suka ba ka ita. Ko yaran jirgi sun ce sun buɗe maka, kai hannu ka taɓa da kanka.