Fasfon da ya ɓata, da sunan da ya rabu biyu

Shekara 18 ke nan ina aiki a ofishin shirya tafiye-tafiye a Kano, ina yankar tikiti, ina cike wa mutane takardun neman biza. Kwanakin baya wani ɗan kasuwa mai saro yadi ya shigo, ya zauna, muka gaisa, ya ce, "Malam, fasfona ya ɓata tun watan azumi, a nema mini hanyar yin sabo." Na ce, "Alhaji, ka kai rahoto?" Ya dube ni da mamaki. "Rahoton me? Ai ba kuɗi ba ne, ɗan littafi ne." Wata biyar littafin nan yana yawo a duniya, ɗauke da hotonsa da sunansa da biza mai rai a ciki, shi kuwa hankalinsa kwance. Ni ne nawa ya tashi, domin na san inda irin wannan littafi kan ƙare.

Tun 2002 'yan sandan ƙasa da ƙasa, wato Interpol, suke da rumbun lambobin fasfo da aka sace ko suka ɓata. A ƙasashen da ke duba rumbun, jami'in shige da fice na ɗora littafi a kan na'ura, lambar za ta bi ta cikin rumbun nan. Idan mai shi ya kai rahoto, hukumar ƙasarsa kuma ta shigar, littafin ya mutu a hannun ɓarawo. Idan bai kai ba, duk iyakar da aka ƙetare da shi, da sunansa aka ƙetare ta. Maganar nan ba ƙarama ba ce: a ranar 31 ga Janairu 2020 Amurka ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama ta dindindin, kuma cikin dalilan da ta kawo har da rashin gamsuwa da yadda ake ba da bayanan fasfo da suka ɓata da na waɗanda ake zargi da ta'addanci. Sai da Shugaba Buhari ya kafa kwamiti kan lamarin a ƙarƙashin ministan cikin gida Rauf Aregbesola. Shugaban Amurka Biden ya soke dokar ranar da ya hau mulki a 2021.

Mu da ke wannan sana'a, ranar da muke lissafi da ita ita ce 25 ga Disamba 2009, lokacin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya taso daga Amstadam zuwa Detroit. Abin da mutane suka manta shi ne, tun a watan Nuwamba mahaifinsa ya je da ƙafarsa ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya ce ɗansa ya kauce hanya. Uba ya yi abin da ba kowane uba zai iya ba. Amma binciken da fadar shugaban Amurka ta fitar ya nuna cewa kuskuren rubuta sunan yaron ya sa da farko ba a gano yana riƙe da biza mai aiki ba. A watan Janairu 2010 aka jefa Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da ake yi wa matafiyansu binciken ƙwaƙƙwafi, har zuwa watan Afrilu. Tun daga nan aka ƙara tsananta yadda na'ura ke kamo sunaye masu kama da juna.

Nan ne abin ya same mu a gida. Mu mutane ne masu sunaye kaɗan: Muhammad, Abubakar, Usman, Ibrahim, A'isha. A unguwa ɗaya sai ka tara Muhammad Abubakar goma. Ga shi da yawa daga cikinmu ranar haihuwarmu 1 ga Janairu ce, saboda ranar da aka je ɗaukar bayani ba wanda ya tuna takamaiman rana. Sannan mutum ɗaya sai ka ga Muhammad a fasfo, Mohammed a katin ɗan ƙasa, Mamman a takardar makaranta, a banki kuma an liƙa masa sunan garinsu. A wurinmu duk shi ne. Na'ura kuwa mutum huɗu take gani, kuma tana iya haɗa ɗaya daga cikinsu da wani da ake nema wanda bai taɓa jin labarinsa ba.

Akwai wata ɗaliba da ta samu gurbin karatu a waje, mahaifinta ya kawo ta. Takardar jarrabawarta na ɗauke da sunan kakanta, fasfo na ɗauke da na mahaifinta. Na ce, "Baba, a gyara kafin a tura." Ya ce lokaci ya ƙure, Allah zai rufa asiri. Aka tura. Takardunta suka maƙale a ƙarin bincike har zangon karatu ya wuce. Ranar da ta zo karɓar fasfonta ba ta ce komai ba, sai juya littafin take yi a hannu. Da an ba gyaran nan sati uku, da tana aji.

Ba na ɓoye ra'ayina: da yawa daga cikin dokokin nan laifin mutum ɗaya suke ɗora wa al'umma guda. Ku dubi Chadi. A Satumba 2017 aka sa ta cikin jerin ƙasashen da aka hana shiga Amurka, alhali sojojinta na fafatawa da Boko Haram a bakin tafkin Chadi. An cire ta a Afrilu 2018, sai ga shi a Yuni 2025 an mayar da ita tare da Sudan. Wannan yana yi mini ciwo. Sai dai ranar da ka tsaya gaban gilashin jami'i, ba gwamnati a bayanka, daga kai sai abin da aka rubuta da sunanka.

Shi ya sa nake roƙon kowa, kada ka bar wani ya cike maka takarda ba ka ji abin da ya rubuta ba, ko da ni ne. Tun 2019 takardar bizar Amurka na tambayar sunayen da ka yi amfani da su a Facebook da sauran shafukan zumunta na tsawon shekara biyar. Na sha ganin masu cike takarda suna danna "babu" don su huta, ko su ƙirƙiro wa mutum aiki da albashi. Kai za a tuhuma, ba su ba. A dokar Amurka, ƙarya da gangan a neman biza na iya haramta wa mutum shiga har abada. A Birtaniya kuma shekara 10 ne. Idan ba ka jin Turanci, ka ce a karanta maka layi-layi da Hausa kafin a tura.

Alhajin nan mai yadi, a ranar na sa yaron ofis ya raka shi wurin 'yan sanda aka rubuta rahoto, washegari ya yi rantsuwa a kotu, sannan ya nufi hukumar shige da fice. Bayan sati biyu ya kira ni da murna: an tsinci tsohon fasfon a aljihun wata jaka. Ya ce ko zai yi tafiyarsa da shi tunda bizar na ciki? Na ce, "A'a Alhaji, wannan lambar ta riga ta mutu. Ka je da shi filin jirgi, kai za a tsare a matsayin mai riƙe da fasfon sata. Kawo shi mu miƙa musu."