Kuɗinka Ne, Amma Iskar ta Kowa Ce

'Ya'yana, idan hira ta biyo ta kan dokar hana shan taba a bainar jama'a, nakan ji wasunku suna cewa, "Kuɗina ne, ƙirjina ne, ina ruwan gwamnati?" Ba zan ce muku maganar banza ce ba, akwai gaskiya a cikinta. Ku dai ba ni aron hankalinku mu ga inda gaskiyar ta tsaya.

Da yawanku ba ku san abin da dokar ta ƙunsa ba. A 2015 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa mata hannu, yana gab da sauka daga mulki. Ba ta hana baligi shan sigarinsa ba. Ta hana a sha a wurare irin su asibiti da makaranta da motar haya, ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, sai dai kwali.

Ku ɗauki motar haya a tsakiyar hunturu. An rufe gilasai saboda sanyi da ƙura, mutum huɗu sun matsu a kujerar baya, sai wani ya ƙyasta ashana. Kusa da shi wata mata ce da jariri a cinya. Za ta ja gefen mayafinta ta rufe wa yaron fuska, ta kau da kai, ba za ta ce uffan ba, don kunya ba za ta bar ta ta yi wa namijin da ba ta sani ba magana. Yaron nan bai sayi sigari ba, ba a kuma yi shawara da shi ba, amma tare ake sha da shi har a isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya a cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suka shaƙa. Saboda irin wannan ne ƙasar Ailan ta hana shan taba a kusan duk wuraren aiki a 2004, har da gidajen giya, domin ma'aikacin da ke wuni cikin hayaƙin baƙi neman abincinsa ya fito. A nan kam ina tare da hukuma. Malamanmu ma sun daɗe suna karantar da mu cewa ba a yarda ka cutar da wani ba, kuma mai rauni da ba ya iya buɗe baki shi ya fi cancanta a tsaya masa.

To amma hukuma takan wuce gona da iri, kuma tsoron da kuke ji yana da tushe. Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya haramta taba a 1633, har kashe mashaya aka riƙa yi, duk da haka tabar ba ta bar Istanbul ba. Ƙasar Butan, can cikin duwatsun Himalaya, ta hana sayar da taba a 2004. A 2011 aka yanke wa wani matashin malamin addinin Buda ɗaurin shekara 3 saboda 'yar tabar taunawa da aka kama shi da ita, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Jama'a suka yi ta ƙorafi, aka sassauta dokar, a 2021 kuma aka halatta sayarwa, don 'yan fasa-ƙwauri ne kaɗai ke cin ribar hanin. Afirka ta Kudu ta hana sayar da sigari kusan wata 5 a 2020, lokacin korona. Mafi yawan mashaya ba su daina ba, sai suka koma saye a bayan fage da tsada, daga baya kotu ta ce hanin ya saɓa wa tsarin mulki. Duk waɗannan sun bar kare wanda ake cutarwa, sun koma ƙoƙarin gyara zuciyar mutum da bulala, abin da bulala ba ta iyawa. Kuma ku lura, doka mai tsanani fiye da kima a kan talaka take sauka. Mai tebur a bakin tasha za a ritsa a karɓe masa jari, ba mai babban otal ba. Idan kun ga haka ku yi magana, cikin ladabi, ba tare da tsoro ba.

Abin da ya fi damuna, yarana, shi ne sunan da kuke ba abin. Kuna kiransa 'yanci. Ku tambayi duk wanda ya shekara ashirin yana sha. Zai gaya muku yadda yake farkawa da tari kafin kiran sallar asuba, yadda yake lalube aljihu da tsakar dare ya fita neman mai shagon da bai rufe ba, da yadda ya sha rantsuwa a watan azumi cewa ya bari, bayan salla ya koma. Sinadarin nikotin cikin 'yan daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saba, ta riƙa nema. Galibin mashaya tun suna samari suka fara, da kara ɗaya da aboki ya miƙo. Zaɓin da suka yi ke nan, na ranar farko, sauran duk tabar ce ke zaɓa musu. Shishar da kuke zama kuna zuƙa da ƙamshin tuffa ita ma taba ce, ga hayaƙin gawayi a kai.

Wanda bai fara ba, don Allah kada ya fara. Wanda ya riga ya kamu, ban raina shi ba, ku ma kada ku raina shi ko ku kunyata shi cikin mutane, domin gori ba ya sa a bari. Ya fita waje ya sha, nesa da ɗakin da matarsa da yaransa ke kwana, kuma ya daina aiken ƙaninsa ko ɗansa sayo masa, don yaron da ya saba riƙo kara a hannu wata rana zai kai shi baki. Idan ya yi niyyar bari, ya je asibiti ya faɗa wa likita, ya kuma faɗa wa abokan zamansa, su daina miƙa masa.