Kwikwiyona Ya Ci Albasa, Me Zan Yi?

Wani mai sauraro daga Bunkure, manomin rani, ya ce kwikwiyon da yake reno don gadin gona ya lashe ragowar miyar da aka cika wa albasa, yana tambaya ko akwai matsala.

Malam, akwai kuwa. Albasa da 'yar uwarta tafarnuwa suna ɗauke da sinadarin da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma girki ba ya kashe shi: ɗanya, soyayya ko busasshiya, duk ɗaya ne. Kimanin giram 15 zuwa 30 a kowane kilo na nauyin kare sun isa su yi ɓarna, ka ga albasa guda ta fi ƙarfin kwikwiyo mai kilo 3.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne, yau zai yi ta wasansa lafiya lau. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar za ka ga kasala da haki, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kamar ruwan shayi. Kada ka jira wannan. Kai shi wurin likitan dabbobi yanzu; idan bai wuce awa biyu da ci ba, likitan zai iya sa shi amai. Ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri ba magani ba ne, gishirin ma guba ce ta biyu.

Ku kuma na Kura da Kadawa, inda ruwan Tiga ya sa albasa ta wadata, a tsare rumbu da shanya daga karnuka.