Darasin Hisabi: Matsakaicin Farashi Idan Wata Rana Ta Faɗi

Ya 'yan'uwa masu saye da sayar da hatsi, ku sani ranar da ba a samu farashinta ba daban take da ranar sifiri. Wanda ya gama su wuri guda, ko dai ya cuci kansa ko ya ci haƙƙin abokin cinikinsa.

Ga misali. A ƙaddara buhun gero a littafinmu ya kama haka: Asabar naira dubu 60, Lahadi 62, Talata 64, Alhamis 58, Juma'a 61. Litinin ruwa ya hana ciniki, Laraba kuwa yaron da ke rubuta mana ya tafi jana'iza. Gurbi biyu ke nan babu komai. Jimla ta tashi 305. To, da nawa za a raba? Da 5, adadin ranakun da ke da farashi, sai a sami dubu 61. Wanda ya raba da 7 wai don mako kwana bakwai ne, zai ga dubu 43 da 'yan kai. Kamar ya ce Litinin da Laraba sadaka aka yi da geron ke nan. In da wannan lissafi aka biya manomin da ya bar mana buhu 20 amana bisa farashin mako, an ci masa fiye da dubu 340. Mu ma saura kaɗan irin haka ta same mu wata kaka, Allah Ya sa muka sake duba littafi kafin a ƙirga kuɗi.

Amma fa akwai sifiri na gaskiya. In buhunan da muka sayar ake ƙidaya, muka buɗe rumfa har magariba ko tiya ba a auna ba, wannan rana sifiri ce, da ita za a raba. Don haka mu a wajen gurbi muna jan layi ne kawai, ba mu sa 0. Yaranmu masu kwamfuta su kula, Excel yana tsallake gidan da aka bari fayau, amma in aka sa 0 sai ya lissafa da shi.

Abu guda da ba mu yarda da shi ba, mutum ya sami kwana 2 cikin 7 ya kira shi farashin mako, balle in ranakun da suka faɗi na ƙarancin kaya ne, lokacin da gero ke tsada. A rubuta adadin kwanakin a gefe, mai karatu ya gani.