Tsohuwar Motar Gado: Yadda Ake Ƙiyasta Ta Kafin A Raba Ko A Sayar

A tsofaffin gidaje da dama na birnin Bauchi, musamman a unguwar GRA da kuma gidajen tsofaffin ma'aikata da attajirai na cikin gari, akan tarar da mota a gareji ko a ƙarƙashin darbejiya, tayoyinta sun sace, ƙura ta lulluɓe ta, ta yi shekaru ba a tayar da ita ba. Idan maigidan ya rasu aka zo rabon gado, gida da gona da shanu ne ke ɗauke hankalin magada, ita kuwa motar akan yi mata kuɗin tsohon ƙarfe, a miƙa wa ɗaya daga cikin 'ya'ya ko a kira 'yan gwangwan su auna su kwashe. A mafi yawan lokuta hakan daidai ne, domin tsufa kaɗai ba ya sa wa mota daraja. Amma akwai 'yan kaɗan daga cikin irin waɗannan motoci da masu tara tsofaffin motoci a Legas da Abuja da ƙasashen waje ke nema da kuɗi masu yawa, kuma magada ba za su san ko tasu na cikinsu ba sai an ƙiyasta ta kafin a taɓa ta, kafin kuma a raba.

Misali na lissafi zai nuna abin da ke cikin lamarin. A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, an biya bashinsa an kuma zartar da wasiyyarsa, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. A ɗauka an yi wa motar kuɗi Naira 800,000. Matar tana da sumuni, wato Naira 100,000, sauran Naira 700,000 kuma a kasa su kashi biyar, kowane namiji ya sami Naira 280,000, mace ta sami Naira 140,000. Idan babban ɗa ya ce yana son motar mahaifinsa, zai biya sauran magada Naira 520,000 ke nan ya riƙe ta. To, idan daga baya ta tabbata cewa motar ta kai Naira miliyan 8, haƙƙin waɗancan ukun ya kamata ya zama Naira miliyan 5.2. Ba lalle ne ya yi niyyar cutar kowa ba, amma uwa da ƙanne sun yi asarar kashi tara cikin goma na rabonsu, kuma irin wannan ne ke mayar da 'yan uwa gaban alƙali bayan an shafa fatiha. Idan da maraya ƙarami a cikin magada, nauyin ya fi tsanani, domin ba shi da ikon yafe abin da bai san da shi ba.

Abu na farko da mai ƙiyasi ke dubawa shi ne irin motar da kuma yawan irinta da aka ƙera. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30 kuma tana nan a kan asalin ƙirarta. Sai dai wannan ma'auni ne na shekaru kawai, farashi kuwa ƙarancin abu ne ke kawo shi. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968, wadda kuma kamfanin PAN na Kaduna ya yi shekaru yana haɗawa bayan buɗe shi a 1975, an ƙera fiye da miliyan uku a duniya, saboda haka mai ƙofa huɗu da ta sha aikin tasi tsakanin Bauchi da Jos ba abin da za a sa wa rai ba ne. Ita kuwa 504 mai ƙofa biyu, ko mai buɗaɗɗen rufi, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara jikinta, kaɗan aka yi, kuma farashinta ya sha bamban. Haka abin yake ga Mercedes: ƙirar W123 da aka soma a 1976, an yi ta da yawa, sai mai tsafta sosai ke kawo kuɗi, alhali 280 SL ta ƙarshen shekarun 1960 ana nemanta ko da ta lalace. Land Rover na farko-farko da Toyota Land Cruiser FJ40, irin waɗanda hukumomin En'e da ma'aikatun gona da na dabbobi suka yi aiki da su a Arewa, su ma suna da masu nema.

Akwai alamomi biyu na tarihin Nijeriya da ke taimakawa wajen sanin shekarun mota ko da takardu sun yi ƙaranci. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 ƙasar ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka tsohuwar mota mai sitiyari a dama da aka saya sabuwa a nan, mai yiwuwa ta riga wannan rana shigowa. Haka kuma Naira ta maye gurbin Fam ranar 1 ga Janairu, 1973, saboda haka rasit ɗin da aka rubuta da Fam da Sule shaida ce mai ƙarfi. Mota mai sitiyari a dama tana da matsalar hawa titi a Nijeriya, amma wannan ba dalili ba ne na kiran bakanike ya juya shi, domin mai saye daga Ingila a haka yake son ta.

Wannan ya kawo batun da magada suka fi yin kuskure a kansa, wato gyara. Ɗan kasuwar da ya saba sayar da motar hannu ya san cewa fenti da sababbin kujeru suna ƙara kuɗi. A kasuwar tsofaffin motoci abin akasin haka ne. Mai tarawa ya fi son fentin asali ko da ya koɗe, da kujerun asali ko da sun tsage, da injin da motar ta fito da shi daga masana'anta. Zai duba lambar shasi da lambar inji ya gwada su da bayanan kamfani, kuma idan ya tarar an sa mata injin wata mota, kamar yadda aka saba yi a garejojinmu, farashi zai faɗi nan take. Lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17 da aka sani a yau ta zama ƙa'ida ne daga 1981, motocin da suka girme ta kowane kamfani da nasa tsarin, don haka a kwafe lambar daidai daga farantin da ke jikin motar. Sashen tsofaffin motoci na Mercedes a Jamus, da L'Aventure Peugeot a Faransa, da kuma gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila dangane da Land Rover da Austin da Morris, suna bayar da takardar tabbatar da asali idan an aika musu lambar an biya kuɗi. Ko tayar da injin da ya daɗe a ajiye bai kamata a yi da gaggawa ba: tsohon fetur da busasshen baƙin mai suna iya lalata shi cikin mintoci kaɗan.

Yanayin Bauchi yana da nasa amfani a nan. Rashin iskar teku ya sa motocin wannan yanki ba sa yin tsatsa kamar na Legas ko Fatakwal, kuma tsatsar ƙasan mota ita ce aibin da ya fi tsadar gyara. Abin da rana da hunturu ke ɓatawa, wato roba da fenti da saman dashbod, ana iya samun madadinsu. Ɓeraye da gara a cikin kujeru da wayoyi su ne abin dubawa. Kamfanin inshora na Hagerty a Amurka yana kasa lafiyar mota mataki huɗu, daga na ɗaya, wadda ta isa shiga gasar nuni, zuwa na huɗu, wadda ke tafiya amma da aibobi a fili. Motar da ba ta tashi ba ta ma kai mataki na huɗu ba, saboda haka kuskure ne magaji ya ga farashin mataki na ɗaya a intanet ya ɗora wa tasa. Abin dogaro shi ne kuɗin da aka sayar da irinta a gwanjo, ba kuɗin da wani ya yi tallar tasa ba.

Sai kuma tarihin motar. Baƙar Mercedes ɗin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, kuma ba don ƙirarta jama'a ke zuwa kallonta ba. Mutanen Bauchi ma sun san yadda 'yan kayan amfani na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke ajiye a hubbarensa suka zama abin ziyara. A kasuwar duniya, Mercedes 300 SLR ta 1955 mai rufi, wadda guda biyu kacal aka ƙera, an sayar da ɗaya a watan Mayu na 2022 kan Yuro miliyan 135. Motar da sarki ko minista ko wani fitaccen attajiri ya hau tana iya ninka farashin irinta, amma da sharaɗin shaida: rasit, tsohon littafin lasisi, takardar kwastan, tsohuwar lamba, hotunan sallah ko na biki da motar ta fito a ciki. Labarin baka ba ya shiga lissafin mai saye. Idan motar ta shafi tarihin ƙasa ko na masarauta, ya dace a tuntuɓi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, kafin a yi maganar fitar da ita waje.

Dangane da sayarwa, ba wanda ke da ikon sa hannu shi kaɗai a kan dukiyar da ba a raba ba. Ana bukatar takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, tare da wakilci a rubuce daga sauran magada, sannan a yi canjin suna a ofishin lasisin motoci. Ya kyautu a sami ƙiyasi biyu daga mutanen da ba su da niyyar saye, domin dillalin da ya ƙiyasta kuma ya taya, ribarsa tana cikin ƙarancin kuɗin da ya faɗa. A kuma yanke la'adarsa tun kafin ya kawo mai saye.

Kasuwar waje tana da faɗi: Amurka tana sassauta sharuɗɗan shigo da motar da ta kai shekara 25, Ingila kuma tana ɗauke harajin hanya ga wadda ta kai 40. Amma daga kuɗin da aka ji a can sai an cire ɗaukar motar a bayan babbar mota daga Bauchi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, da kuɗin kwantena, da inshora, da cike fom ɗin NXP ta banki, da la'adar kamfanin gwanjo irin su Bonhams ko RM Sotheby's, waɗanda ma ba kowace mota suke karɓa ba. Ga mota mai matsakaicin farashi, waɗannan kuɗaɗe kan cinye bambancin, har tayin mai saye na Abuja ko Kano ya fi riba. Ko ina mai sayen yake, mota da takardunta na asali ba sa barin gida sai bankin magada ya tabbatar da shigar kuɗin, kuma ba a dogara da saƙon waya ko hoton rasit.