Yadda Ake Haɗa Ƙarar Oba-oba a Kwalkwalin Sojan Star Wars

Tun da fim ɗin Star Wars ya fito a Amurka a shekarar 1977, masu sha'awarsa suke ƙera wa kansu farin sulke da kwalkwali irin na sojojin cikinsa, har suka kafa ƙungiya mai suna 501st Legion a 1997. Wanda ya sa kwalkwalin muryarsa ba ta fita sosai, saboda haka yakan saka makirfo a ciki, ya ɗaura ƙaramar lasifika a ƙirji. To, amma murya kaɗai ba ta gamsar da su. Suna so duk lokacin da soja ya rufe baki a ji ɗan gajeren "kishsh", irin wanda oba-oba kan yi idan aka saki maɓalli.

Samar da ita ƙarar ba shi da wuya. Akan sami transisto nau'in NPN, a juya masa wuta ta baya tsakanin ƙafar emita da ta bes. Idan ƙarfin wutar ya kai wani mizani, yawanci tsakanin bolt 6 da 10, sai lantarki ya keta shingen ba bisa tsari ba, wannan hargitsi kuwa shi kunne ke ji kamar saukar ruwa kan kwano, bayan an ƙara masa ƙarfi. A nan ɗalibi zai yi hattara. Batir ɗaya mai bolt 9 sau da yawa ba ya isa, sai an jera biyu. Amma LM386, wato ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin murya, nau'insa na gama-gari an yi shi ne don bolt 4 zuwa 12. Wanda ya ba shi 18 ya yi asararsa.

Babban aikin shi ne yadda na'ura za ta gane cewa an gama magana. Dabarar ita ce a ɗebi kaɗan daga siginar muryar a bi da ita ta cikin dayod zuwa kafasita. Muddin ana magana kafasita na cike, kamar tulun da ake ta zuba wa ruwa alhali yana yoyo. Da an yi shiru sai ta tsiyaye ta cikin rezista, faɗuwar wutar kuma ta tayar da guntun 555, mai ƙidayar lokaci wanda Hans Camenzind ya ƙirƙira a 1971. Shi zai buɗe wa ƙarar hanya zuwa LM386 na ɗan lokaci, wanda ake lissafawa da T = 1.1 × R × C. Rezista mai kilo-om 100 da kafasita mai maikirofarad 1 za su ba da daƙiƙa 0.11. Saurin yoyon tulun kuwa sai an gwada: in ya yi yawa, ƙarar za ta riƙa kutsawa tsakanin kalmomi, in ya yi kaɗan ta makara.

Akwai wani tarko da ba ya bayyana sai an sa kwalkwalin. Makirfo kan tsinci "kishsh" ɗin daga lasifika, na'urar ta ɗauka magana ce, ta jira ta ƙare, ta sake sakin wata, haka har batir ya mutu. Maganinsa shi ne a rage ƙarfin lasifika, a juya fuskarta waje, ko kuma a sa 555 ya toshe makirfo a daidai lokacin da ƙarar ke fita.